Minti Huɗu Tsakanin Ɗakin Inna da Shagon Kawu

Ana sallame sallar asuba ranar Asabar na rataya jakata na nufi tashar Babura, ko shayi ban tsaya sha ba. A cikin jakar akwai laftof, da kebul, da ƙarfen da nake liƙa waya da shi, da 'yan madannai da na zuba a tsohon gwangwanin madara. Gwiwa za ni, wajen Kawu, ƙanin mahaifiyata, in gyara wani aiki da na yi da hannuna, na kuma yi wata biyar ina cika baki a kansa.

Ga abin da ya tashe ni. Kawu tela ne, ya haura shekara arba'in a kan keken ɗinki, kuma shekara uku ke nan da jinsa ya tafi gaba ɗaya. Shagonsa yana jikin zaure, yana kallon titi. Matarsa, wadda muke kira Inna, tana can ƙuryar gida, tana fama da ciwon asma. 'Ya'ya duk sun yi aure sun watse, saura su biyu a gidan, kuma ko ta ƙwala kira ba zai ji ba. Ni sana'ata sola da gyaran waya, sai na ce to ga inda zan nuna kaina. Na haɗa mata ɗan akwati mai madanni biyu, kore da ja, na kafa shi a bakin ƙofar ɗakinta kusa da madafi, na ja waya har shago. A shagon na zagaye saman keken da igiyar fitilun LED, na haɗa ta da ɗan allo mai ƙwaƙwalwa, irin wanda ake rubuta wa umarni da kwamfuta. In ta danna kore, fitilun su koma kore, abinci ya sauka ke nan. In ta danna ja, ya bar komai ya shigo. In ba a danna komai ba, launuka su yi ta zagaye suna wasa. Wannan na ƙarshen ba wanda ya roƙe ni, iyayi ne kawai.

Ranar Laraba 'yar Kawu da ke aure a Roni ta kira ni. Taubashiyata ce, kullum da tsiya muke fara magana, amma ranar ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba. Ciwon ya taso wa Inna da hantsi, ta danna ja, ta zube a bakin ƙofa ba ta iya kaiwa ga abin shaƙarta ba. Sai da aka yi kusan minti huɗu kafin fitilun su canza. Allah ya sa da sauran kwana. Amma yayyenta maza sun yanke shawara: Juma'a mai zuwa za a ɗauke Inna a mayar da ita Roni, Kawu ya zauna da shagonsa. Mutum biyu da ba su taɓa yin wata guda a rabe ba. Na roƙi a ba ni wuni ɗaya kafin a zo da mota.

Ƙaramar bas ce ta ɗauke mu, irin wadda ake cewa ta cika alhali direba yana ganin wurin mutum biyu. An ɗaure buhunan sabon gero a baya har ƙofa ba ta rufuwa, sai da igiya. Kuɗin mota ya ƙaru a kan na zuwana na baya, na yi ƙorafi, ɗan kamasho ya dube ni ya ce in tambayi gidan mai. Kusa da ni wani dattijo ne daga Nijar, da rawani da 'yar rediyo a cinya, yana ta tambayar farashin tiyar gero a kowane gari, yana juya shi zuwa sefa a ransa, yana girgiza kai. Kaka ta fara shigowa. Gero ya sunkuya a gonaki, wasu har sun fara kwantar da shi, dawa kuwa tana tsaye shar. Duk inda muka rage gudu sai mata sun miƙo dafaffiyar gyaɗa ta taga. Na saya na ba dattijon, ya ci ya ce ta garinsu ta fi zaƙi. Ban yi masa gardama ba, hankalina ba ya wurin.

Duwatsun Kazaure ne suka fara gaya mana mun iso. Ni mutumin fili ne, a wajenmu in ka hau tarin yashi ka gama ganin duniya, saboda haka duk zuwana sai na saki baki ina kallon yadda gidaje suke raɓe a gindin dutse. Damina ta bar musu ciyawa a tsakanin tsaguwa, awaki suna hawa inda ni ko da tsani ba zan je ba. A bakin tasha abokina yake jirana, malamin kwamfuta ne a wata makaranta a garin, mutum ne da sai ka yi magana goma kafin ya yi ɗaya. Muka zauna wajen mai waina, aka zubo mana da miyar taushe mai zafi, na buɗe laftof a kan benci na miƙa masa.

Ya daɗe yana karanta abin da na rubuta, yana cin wainarsa a hankali. Ni kuwa ina ta zuba, ina cewa ƙila wayar ce ɓera ya ci, ƙila batir ne, ƙila danshin damina. Sai ya ɗora yatsa a kan layi ɗaya ya ce, "Sau nawa ka rubuta wannan?"

Umarnin jira ne. Duk wanda ya fara koyon wannan aiki da shi yake farawa: kunna fitila, jira kaɗan, kunna ta gaba, jira kaɗan. Abin da na manta shi ne, in ƙwaƙwalwar tana wannan jiran, ba ta yin komai, ba ta duba komai. Na tsara mata salon wasa har tara, wannan ya ƙare wancan ya ɗauka, sai a ƙarshen na taran na ce ta leƙa ko saƙo ya zo ta waya. Saƙon yana isowa a kan lokaci, amma sai ya zauna kamar baƙon da ya yi sallama aka bar shi a zaure, maigida yana ciki bai gama abin da yake yi ba. Muka haɗa tsawon jiran duka a takarda, ya ba mu minti huɗu ba kaɗan. In Inna ta danna ana dab da gama zagaye, nan take za a gani. In ta danna an fara sabon zagaye, sai ta jira shi duka. Ranar da na kafa shi na gwada sau biyu, na tuna ya ɗan jinkirta, amma ina tsakiyar ba maƙwabta labarin yadda na haɗa shi, ban kula ba. Wainar ta fita daga raina, abokina ya jawo kwanon ya ƙarasa.

Daga Kazaure zuwa Roni ba nisa. Ni da abokina muka shiga wata tsohuwar mota da direbanta yake tayar da ita ta hanyar haɗa wayoyi biyu, abin da ya ɗan kwantar mini da hankali, na ga ba ni kaɗai ne mai aikin a-lallaɓa ba. Hanyar tana ratsa gonakin gyaɗa, an tuge wasu an kife su a rana, ƙamshin ɗanyar ƙasa yana shigowa. Wasu Fulani suna kora shanu a gefen titi, suna kaffa-kaffa da su kada su faɗa gonar mutane, don a irin wannan lokaci ƙaramin abu ne yake zama babba.

A Roni taubashiyata ta tarbe mu da fura da nono mai sanyi, da kuma bakinta. "Injiniyan Babura, sannu da zuwa. Fitilar biki ka sa wa tsohona, ashe?" Na ce ai duk lokacin da na kira Inna na tambaye ta, cewa take yana aiki lafiya lau, Allah ya yi albarka. Ta ajiye ludayi ta dube ni. "Kai ma dai. Ɗanta ya taso tun daga Babura ya yi mata abu kyauta, kana jiran ta ce da aibu? Ko wuta yake kamawa cewa za ta yi Allah ya yi albarka." Wannan maganar ta fi ta abokina zafi, don na san haka tun ina yaro. Ta yafa mayafinta ta ce da ita za a je, ita ce alƙali, in ba ta gamsu ba maganar Juma'a tana nan.

Acaɓa uku muka ɗauka zuwa Gwiwa. Ruwan bana ya ci gefen hanya a wurare, sai ɗan acaɓa ya ratse ta cikin yashi ya sake hawowa, ni ina rungume da laftof kamar jariri. Muka wuce mata suna shanya kuɓewa a kan tabarmi, da wani mai rake da ya ɗaga mana hannu kamar ya san mu. Rana ta take sosai lokacin da muka tsaya a ƙofar gidan.

Kawu yana kan keke, tef ɗin awo a wuya, fitiluna suna ta zagaye a samansa, shuɗi yana korar ruwan ɗorawa. Ya miƙe ya rungume ni, ya gaishe ni da ƙarfin muryar da wanda ba ya jin kansa yake magana da ita, har mai kanti na tsallake ya amsa. Da rubutu ake yi masa magana, akwai ɗan allo da alli a gefen keken. Muka shiga ciki na durƙusa na gaida Inna. Ta rame, amma tana zaune tana gyaran zogale. Na ce, "Inna, na zo neman gafara ne, aikina ne ya yi miki haka." Ta ce, "Haba ɗan nan, wane irin zance ne wannan? Ciwo ai na Allah ne. Kun ci abinci?"

Bayan azahar muka zauna aiki a shago. Na haɗa laftof da allon nan mai ƙwaƙwalwa ta kebul, na buga harafin da akwatin Inna yake aikowa in an danna ja, don taubashiyata ta gani da idonta. Ta kunna agogon wayarta. Muka zuba wa fitilu ido suna wasansu, minti ɗaya, minti biyu. Ban taɓa sanin minti uku yana da tsawo haka ba. Da suka koma ja ta nuna mini fuskar wayar kawai.

Abokina ya ce hanya mafi sauƙi a cire wasan launukan gaba ɗaya, fitilu su zauna a kashe sai an kira. Na rubuta wa Kawu haka da alli a allonsa. Ya karanta ya girgiza kai da ƙarfi. Ya ce in suna motsi ya san abin yana da rai, in suka yi duhu ta ina zai san ko Inna ce ba ta kira ba ko batir ne ya mutu? Ni da na sa abin don ado ban taɓa tunanin haka ba. Saboda haka wasa zai zauna, amma sai an koya masa sauraro.

Na share umarnin jira duk inda yake. Maimakon ƙwaƙwalwar ta rufe ido tana jira, sai na sa ta riƙa duba agogon da ke cikinta: ta leƙa ko saƙo ya zo, in babu ta duba ko lokacin matsar da launi taki ɗaya ya yi, in ya yi ta matsar, ta koma ta sake leƙawa. Ta kuma riƙe a ranta salon da take kai da takin da ta tsaya, don kada ta ɓata lissafi. A ido wasan bai canza ba, amma yanzu tana leƙa ƙofa sau ɗaruruwa kafin ka ƙifta ido. Abin ya ci mu fiye da awa guda, don salo tara ne, kowanne sai an warware shi an sake ɗinkawa. Kawu yana gefe yana kallon yatsuna, ya ce da ƙarfi ai wannan ma farke ɗinki ne.

Na buga harafin, fitilu suka koma ja kafin in ɗaga yatsa. Na dubi taubashiyata ina murmushi, har na fara gyara zama zan yi jawabi. Abokina ya ce a yi sau ashirin, kuma daga akwatin Inna, ba daga laftof ba. Taubashiyata ta shiga ciki tana dannawa, ni ina ƙirgawa. Sau goma sha bakwai ya amsa nan take. Sau uku kuwa ko gezau, saƙon ya ɓace ɗungurungum.

Wannan ba laifin jira ba ne. Irin waɗannan fitilun, duk sanda ƙwaƙwalwar take tura musu launi, sai ta toshe kunnenta na ɗan ƙanƙanin lokaci don kada lissafin ya rikice. In harafi ya faɗo daidai wannan lokacin, yana iya wucewa ba a kama shi ba. Na ce to wannan mai sauƙi ne, a gaya wa Inna in ta danna ta riƙa maimaitawa sau uku ko huɗu. Muka shiga na yi mata bayani. Ta saurara har na gama, ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa kiran Malam sau biyu ba. In na yi sau ɗaya ya isa, yana da abin da yake yi."

'Yarta ta ce, "Inna, ranki fa ake magana!" Inna ta ci gaba da gyaran zogalenta. Na san irin wannan shirun, mahaifiyata ma haka take, ko za a kwana ana magana ba za ta sauya ba. Raina ya ɓaci, ba da ita ba, da kaina, don na sake gina abu a kan yadda nake so mutum ya zama.

A tsakar gida abokina ya yi maganarsa mafi tsawo a ranar. Ya ce in ita ba za ta maimaita ba, akwatin ba shi da kunya, shi ya maimaita. Akwatin nata ma da 'yar ƙwaƙwalwa a ciki. Muka sa in ta danna sau ɗaya, ya yi ta aika harafin ba ƙaƙƙautawa har sai allon shago ya maido masa da amsar cewa ya karɓa. Na ciro madanni ɗaya daga gwangwanina na kafa a jikin keken Kawu, na liƙa 'yar fitila a akwatin Inna. In ya ga kira ya taɓa madannin, fitilarta ta kama, ta san ya gani yana tafe. Muka gwada sau hamsin, har yatsan taubashiyata ya gaji, bai faɗi ko sau ɗaya ba.

Duk da haka taubashiyata ba ta yanke hukunci ba. Bayan la'asar muna zaune a shago ana hira, Kawu ya koma kan wata riga da ake jira, ashe ta zame ta shiga ciki ta sa Inna ta danna ja da hannunta, ba tare da an gaya wa kowa ba. Ni dai na ga shagon ya yi ja. Kawu ya saki rigar allura tana ciki, ya doki madannin, ya ratsa zaure ba takalmi, tef yana lilo a wuyansa. Ban san dattijon nan yana da sauran gudu haka ba. Muka bi shi. Ya tarar da Inna zaune lafiya, ya tsaya yana haki, ya dube ta, ya dubi 'yarsa da waya a hannu, sai ya gane. Bai yi faɗa ba. Ya zauna a kan turmi ya ce, da wannan murya tasa da ba ta iya sirri, "Ran nan ina zaune ina kallon kyan launukan nan, ashe tana ƙasa." Ya share fuska da hular kansa. Ni ne na kasa tsayawa, na fita zaure.

Ina nan na ji taubashiyata tana waya da babban yayansu. Ta ce daƙiƙa goma sha ɗaya daga danna ja zuwa isowar Kawu, ta ƙirga da kanta. Ta ce a bar Inna a ɗakinta, a ƙaro abin shaƙa guda a rataye a bakin ƙofa, ita kuma za ta riƙa zuwa duk mako. Da na koma yin sallama na tarar da Inna ta jawo wani babban ƙullin kaya daga bayan gado tana kwancewa, tana mayar da zannuwa cikin akwati ɗaya bayan ɗaya. Ashe tun ranar Alhamis ta ɗaure kayanta, ba ta gaya wa kowa ba, ba ta kuma ce ba ta so ba. Ta cika mini leda da gyaɗa da busasshiyar kuɓewa, ta ce in gaida mutan gida.

Muka kamo hanya rana tana sanyi. Taubashiyata ta sauka a Roni, ta ce in na sake yi wa wani fitilar biki ita da kanta za ta kai ƙarata. Abokina ya sauka a Kazaure, na yi masa godiya mai tsawo, ya ce ba komai. Na sami motar ƙarshe mai zuwa Babura, wannan karon ba buhu ko ɗaya, sai ƙafafuna da suka sami wurin miƙewa, na isa gida ana shirin sallar isha.

Abin da na taho da shi daga wannan tafiya bai da yawa. A wajen aiki, na daina rubuta umarnin da zai sa na'ura ta shagala da kanta har ta kasa jin mai kira, kuma in na gwada abu sau biyu ya yi, ban gwada ba ke nan. A wajen mutane kuwa, na tuna akwai gidajen 'yan'uwa da dama da na yi wa aiki kyauta, kowannensu in na tambaya sai ya ce lafiya lau. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, in zauna in kalla da idona, in rage surutu.

Jiya taubashiyata ta aiko mini da saƙon murya, tana dariya tun daga farkonsa. Ashe a watannin nan biyar Inna ta gane jinkirin fitilar tun tuni, sai ta riƙa danna kore tun kafin ta gama tuƙa tuwo, don Kawu ya iso daidai kwashewa. To yanzu da ta danna sai ga shi, tuwo bai ko nuna ba, sai ya jawo kujera ya zauna a bakin madafi yana kallonta har ta gama. An gaya mata an gyara abin, aka roƙe ta ta daina dannawa da wuri. Ta ce ta sani.